Kundin gyaran ɗakin kallona: wata uku ina neman hoto tangaran

4 ga Janairu

Yau na fara wannan kundi, don kada nan gaba in manta abin da na taɓa da abin da na lalata. Shekara da shekaru ina kallon fim a tsohuwar talabijin mai inci 32, ga faifan DVD sun cika kwali uku. Na tara kuɗi na tsawon shekara guda, na raba su kashi goma: shida na talabijin, biyu na na'urar kunna faifai, ɗaya na sauti, ɗaya kuma na ko-ta-kwana. Na auna falo. Daga doguwar kujera zuwa bango mita 3.4 ne, taga kuma tana kallon bangon kai tsaye.

11 ga Janairu

Mako guda ina lissafi. Hoton 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. Na 4K yana da 3840 da 2160, ninki huɗu ke nan, miliyan takwas da ɗoriya. DVD ɗina mafi kyau bai wuce 720 da 576 ba. Da na jera waɗannan lambobi a takarda sai zuciyata ta yanke hukunci cewa 4K zan saya, kuma daga ranar da ta shigo gida matsalata ta ƙare.

Na so mai inci 65, amma kason talabijin bai kai ba. Mai inci 55 ke nan.

18 ga Janairu

Ta iso. Ta cinye kashi shida da rabi, don haka ko-ta-kwana ya fara raguwa tun ba a je ko'ina ba. Ni da ɗan yayata muka kafa ta a bango, shi ne mai riƙe ma'aunin daidaito, ni mai huda.

Da daddare na ɗauko faifan DVD na fim ɗin da na fi so a duniya, na haɗa tsohuwar na'ura, na zauna ina murmushi. Murmushin bai kai minti biyar ba. Fuskokin mutane sun zama kamar an shafe su da man shafawa, gefen kowane abu ya yi zobe mai haske, rubutun fassara a ƙasa kuwa kamar an yanka shi da almakashi marar kaifi. A tsohuwar talabijin wannan faifai bai taɓa ba ni kunya ba. Dalilin a fili yake da na natsu: faifan yana ɗauke da ɗigo dubu ɗari huɗu da 'yan kai, allon kuma yana neman miliyan takwas, don haka talabijin ce ke ƙirƙiro kusan ashirin daga kowane ɗaya. Babban allo bai ƙara wa faifan komai ba, asirinsa kawai ya tona.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, wannan ce ka shekara kana tara wa kuɗi?" Ban tanka ba.

19 ga Janairu

Na haɗa ta da intanet, ta sabunta manhajarta. Ban kalli komai ba.

23 ga Janairu

Na kunna wani fim ta intanet a 1080p. Hoto ya fito garau, amma wani abu ya tsaya mini a rai wanda na kasa faɗin sunansa. Motsin mutanen ya yi santsi fiye da kima. Fim ne da aka kashe maƙudan kuɗi a kansa, sai ga shi kamar wasan kwaikwayon talabijin da aka ɗauka jiya da rana a bayan gida. Jaruman sun daina zama jarumai, sun koma mutane sanye da kayan aro suna jiran a ce a tashi.

Ɗan yayata ne ya gano. Ya ce, "Kawu, ba ni rimot ɗin nan." Ya shiga saitin hoto ya kashe wani abu mai daidaita motsi, nan take fim ya koma fim.

Na bi diddigin abin daga baya. Tun ƙarshen shekarun 1920, da fim ya fara magana, ake ɗaukar sa da hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma idonmu ya saba da wannan tafiyar. Talabijin ɗin zamani takan zo daga kamfani da saitin da ke ƙago hotuna na ƙarya ta cusa a tsakanin na gaskiya, har su kai 60 ko 120. Ga ƙwallon ƙafa wannan na da amfani. Ga fim kuwa ɓarna ce, kuma idan ka lura za ka ga wani hazo-hazo yana bin hannun mutum in ya yi saurin motsi, domin na'urar canka take yi. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa saitin, shi ya sa neman sa ke da wuya. Masu shirya finafinai sun daɗe suna ƙorafi a kai, har a 2019 ƙungiyar UHD Alliance ta fito da wani tsari mai suna Filmmaker Mode wanda ke kashe duk wannan shisshigi da dannawa ɗaya. Tawa tana da shi. Na kunna, sai allo ya yi duhu ya koma rawaya-rawaya, na tsorata na kashe.

30 ga Janairu

Na tilasta wa kaina zama da wancan tsarin na mako guda. Daren farko farar riga kamar ta kwana a shayi. Dare na uku na daina lura. Yau na koma saitin da talabijin ta zo da shi don in gwada, sai na ga komai ya yi shuɗi kamar cikin firiji, fatar mutane ta yi ja, ciyawa kamar an fesa mata fenti. Farin da masu tace launin fim ke aiki da shi yana wajen kelbin 6500 ne a ma'aunin zafin launi, saitin shago kuwa an ja shi zuwa shuɗi don ya ɗauki ido a ƙarƙashin fitilu masu ƙarfi. Ido ne ke sabo. Na kuma sauke saitin kaifin hoto zuwa kusan sifili, zoben nan mai haske ya ɓace, har DVD ya ɗan samu sauƙi.

6 ga Fabrairu

Na'urar Ultra HD Blu-ray, wato mai kunna faifan 4K, ta iso, ta ci kashi biyunta cif. Na haɗa ta da wata doguwar wayar HDMI mai mita biyar da na daɗe da ajiyewa, ina jin daɗin na tsira da kuɗin sabuwa.

Allo ya kawo, ya ɗauke, ya kawo, ya ɗauke. Wani lokaci fararen ɗigo su yi ta ƙyalƙyali kamar taurari. Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne, a shafin zaɓe-zaɓen na'urar ne abin ya fi tsanani, in fim ya fara sai ya lafa. Na kwana ina zargin na'urar, har na mayar da ita kwali. Da safe na sake tunani. Shafin zaɓe-zaɓe yana fita da hoto 60 a daƙiƙa, fim kuwa 24 ne kawai, don haka shafin ya fi fim buƙatar faɗin hanya. Tsofaffin wayoyi an gwada su ne a kan gigabit 10.2 a daƙiƙa, cikakken 4K mai hoto 60 da HDR (tsarin da ke faɗaɗa tazarar haske da duhu da launi) kuwa yana neman kusan 18. Ga tsawon waya ya ƙara dagula lamarin.

Na sayo gajeriya mai mita biyu wadda ke da shaidar gigabit 18. Mai sayarwa ya so ya ɗora mini wata mai bakin zinare da ta ninka ta kuɗi sau da yawa, wai launinta ya fi fita. Na ƙi. Saƙon da ke bi ta wayar nan lambobi ne. Ko su isa lafiya, ko ka ga ƙyalƙyali da ɗaukewa. Babu wayar da ke ƙara wa ja ja.

Duk da haka HDR bai kunnu ba sai da na shiga saitin talabijin na buɗe wa ramin HDMI ɗin cikakken ƙarfinsa, domin a rufe ya zo. Awa biyu na ɓata kafin in gano wannan.

8 ga Fabrairu

Faifan 4K na farko. Ban rubuta komai a daren ba saboda ban tashi daga kujera ba sai da sunayen ƙarshe suka gama wucewa.

13 ga Fabrairu

Asarar farko ta gaske. Na ga wani yana sayar da tarin faifan Blu-ray na hannu guda goma sha biyu da araha, na yi caraf na saya ban tambayi komai ba. Bakwai sun ƙi kunnuwa. Saƙo ɗaya suke nunawa, wai yankin faifan bai dace da na na'ura ba.

Blu-ray an raba masa duniya gida uku. A ya haɗa nahiyoyin Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya. B ya haɗa Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya. C kuma Sin da Rasha da Indiya da maƙwabtansu. Na'urata B ce, bakwai ɗin nan A ne, harafin yana nan a bayan kowane kwali cikin ɗan ƙaramin tambari da ban duba ba. Biyar ɗin da suka yi aiki ba a kulle su ba ne tun asali. Abin haushi, faifan 4K ba su da wannan kulle ko kaɗan; da su na saya da ban shiga wannan ba. Mai sayarwa ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Rabin abin da ya rage a ko-ta-kwana ya tafi.

Ban da sha biyun nan, cikin tarin har da faifai ɗaya mai jan kwali, HD DVD, wanda babu na'urar da zan kunna shi da ita. Shi ne tsarin da ya yi takara da Blu-ray daga 2006 har Toshiba ta janye a watan Fabrairun 2008. Na ajiye shi a kan kanta don tarihi.

20 ga Fabrairu

Yau na yi gwajin da ya sauya mini tunani. Akwai fim ɗin da nake da shi a faifan Blu-ray na 1080p, kuma yana nan a intanet da tambarin 4K. Na zaɓi wuri ɗaya, inda ake tafiya da dare cikin hayaƙi da ruwan sama, na riƙa komawa tsakanin biyun.

A lissafina na 11 ga Janairu, na intanet ya kamata ya yi nasara da ninki huɗu. Ba haka aka yi ba. A wuraren da rana ta fito kuma kyamara ba ta motsi, na intanet ya yi kyau ƙwarai. Da dare ya yi sai duhun ya farfashe ya zama murabba'ai masu motsi, hayaƙi ya zama laka, ruwan sama ya narke ya bi bango. A faifan kuwa kana iya bin kowane zaren ruwa da ido, kuma cikin duhun akwai abubuwa: ƙofa, tulin kaya, mutum a tsaye.

Yawan ɗigo ɗaya ne daga cikin ma'aunai, yawan bayanin da aka ba ɗigon shi ne ɗayan, kuma shi ba a rubuta shi a jikin kwali da manyan haruffa. Faifan Blu-ray yana ɗaukar gigabait 25 ko 50, hotonsa na iya kaiwa megabit 40 a daƙiƙa. Na 4K yana ɗaukar 66 ko 100. Ta intanet kuwa 4K yakan zo a wajen megabit 15 zuwa 25. Na buga lissafi: fim na awa biyu a megabit 15 bai wuce gigabait 13.5 ba. Gaskiya ne dabarun matse hoto na yanzu sun fi na zamanin Blu-ray ƙwarewa, shi ya sa abin yake kallonuwa, amma in aka matsa dole a zubar da wani abu, kuma abin da ake fara zubarwa shi ne duhu da hayaƙi da duk abin da ke motsi ba tsari. Finafinan da nake so kuwa rabinsu a duhu suke.

Ban soke rajistar intanet ba. Don kallon yau da gobe ta wadatar. Fim ɗin da zan maimaita sau goma shi zan riƙa nema a faifai.

27 ga Fabrairu

Baba ya kwana biyu a wurinmu. Na sa masa fim, bai yi minti ɗaya ba ya nuna allo da sanda ya ce, "Kai, an cuce ka. Sama baƙi, ƙasa baƙi. Ina sauran hoton?"

Na ce, "Baba, haka aka ɗauke shi, ya fi allon faɗi ne."

Ya ce, "To cika shi mana, ai kuɗin allo duka ka biya."

Na cika masa. Mutum biyu suna magana a gefe da gefe, sai aka bar mu da hancin ɗaya da kunnen ɗaya. Ya yi dariya ya ce in mayar.

Allon talabijin 16 da 9 ne, wato faɗinsa ya ninka tsayinsa sau 1.78. Finafinai masu faɗi, irin waɗanda suka yaɗu tun fitowar CinemaScope a 1953, sukan kai 2.39, don haka kusan rubu'in allon ke zama baƙi. In ka cika, rubu'in hoton ka yanke. Tsofaffi kuma na kafin wannan lokaci 1.37 ne, baƙinsu a dama da hagu yake. Baba bai gamsu da lissafin ba, hancin ne ya gamsar da shi.

5 ga Maris

Baƙin nan na sama da ƙasa ya jawo wata magana. In na kashe fitila gaba ɗaya, ba baƙi ba ne, toka-toka ne, kuma kusurwar hagu ta fi haske. Talabijin ɗina LCD ce, fitila ce a bayanta ke haskawa kullum, allon yana ƙoƙarin tare hasken ne kawai. OLED ce kowane ɗigo ke kashe kansa, ita kuma kuɗinta ya fi ƙarfin kasona. Na manna siririyar fitila fara a bayan talabijin tana haska bango kaɗan. Baƙin bai canja ba, amma ido ya daina ganin tokar, kuma ciwon kan da nake tashi da shi bayan dogon fim ya ragu.

Da rana kuma akasin haka: finafinan HDR sun yi duhu, taga tana zaune a tsakiyar allo. An tace su ne don ɗaki mai duhu. Na sa labule mai kauri. Abin da na fi gani a HDR ba ƙarfin haske ba ne, domin tawa ba ta kai hasken da aka tace yawancinsu da shi ba. Sararin sama ne. A tsohon tsari kowane launi matakai 256 gare shi, a nan 1024, don haka faɗuwar rana tana sauka sumul babu layi-layi.

9 ga Maris

Na jera faifai a kanta, na ware bakwai ɗin da suka ƙi. Na lura fim ɗaya ya fi tsawo a Blu-ray da kusan minti biyar a kan DVD ɗinsa. Ba a ƙara komai ba. DVD na tsarin PAL, wato tsarin talabijin na Turai da wasu ƙasashe da yawa, yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, don haka shekaru ina jin muryoyin jarumai sun ɗan fi na gaskiya siranta ban sani ba.

14 ga Maris

Sauti. Tun farko muna fama: in ana magana ba ma ji, in na ƙara sai wani abu ya fashe yara su farka. Lasifikan talabijin sirara ne, ƙasa suke kallo, kuma sautin da aka raba wa lasifika shida ake matse musu. A tsarin 5.1, wato na lasifika shidan nan, yawancin magana ta lasifikar tsakiya take fita. Na sayi doguwar lasifika mai bakin tsakiya nata na kanta da akwatin gangar ƙasa. Ta ci kashi ɗayanta da duk abin da ya saura.

Magana ta fito, sai baki da murya suka rabu: murya na riga leɓe. Talabijin na ɗaukar ɗan lokaci tana sarrafa hoto, sauti kuwa ya riga ya wuce. Na riƙa ƙara jinkirin sauti kaɗan-kaɗan ina kallon wurin da ake rufe ƙofa, har ƙarar ta haɗu da rufewar.

Sai kuma na gano ramin talabijin ɗina ARC ne ba eARC ba. ARC hanya ce da talabijin ke mayar da sauti zuwa lasifika ta wayar HDMI, amma ba ya ɗaukar Dolby TrueHD, cikakken sautin da ke kan faifai; eARC, sabon tsarinsa, shi ke ɗaukar sa. Na juya haɗin: na'ura ta shiga lasifika, lasifika ta miƙa hoto ga talabijin. Na buƙaci waya ta biyu. Da dare ina kunna saitin da ke rage tazarar ƙara da raɗa, don zaman lafiyar gida.

21 ga Maris

Wannan shafin da kunya nake rubuta shi. Na ce wa ɗan yayata ya riƙa sauya mini faifan 4K da na 1080p na fim ɗaya, da HDR a kashe, ba tare da na san wanne ya sa ba. Sau goma. Na canka daidai sau shida, wanda bai fi jefa kwabo ba.

Ya ce, "Kawu, matso nan ka gani." Na tsaya kamar mita ɗaya da rabi daga allo, sai ga bambanci: saƙar riga, gashin gira, rubutun da ke can bayan ɗaki.

Tsayin allon inci 55 santimita 68 ne da rabi. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, 1080p ana cin moriyarsa daga nisan da ya kai tsayin allo sau uku, wato kamar mita biyu a wurina, 4K kuma sau ɗaya da rabi, mita ɗaya da 'yan kai. Ni ina zaune a mita 3.4, sau biyar ke nan, nisan da ido mai lafiya bai cika rarrabe abin da ya wuce 720p, wato ɗigo 720 a tsaye, ba. Lambar nan na rubuta ta a kundin nan tun ranar farko, 4 ga Janairu, kuma ita kaɗai ce ban sa a lissafi ba. Ɗan yayata ya ƙara mini da cewa finafinai da yawa na shekarun baya an kammala su ne a 2K, wato kusan daidai da 1080p, daga baya aka faɗaɗa su zuwa 4K.

Na jawo kujera zuwa mita 2.2. Uwargida ta ce falon ya koma kamar ana shirin ƙaura. Mun daidaita: ana jawowa daren kallo, ana mayarwa da safe. Na sa mata 'yan tayoyi a ƙafa.

28 ga Maris

Daga sabon wurin zama na kalli wani tsohon fim marar launi da aka sake ɗauko shi daga asalin zaren milimita 35. Hoton cike yake da wani tsaki-tsaki mai rai kamar yashi na motsi. Da farko na ɗauka lahani ne, na kunna saitin share hoto. Yashin ya tafi, ya tafi da ramukan fuska da zaren tufafi, tsoho ya koma kamar ɗan tsana. Na kashe. Tsakin daga ƙwayoyin azurfar da ke jikin zaren fim yake, su ne ma hoton. Fim ɗin ya girmi Baba, amma ya fi yawancin sababbin da nake da su nuna fatar mutum.

4 ga Afrilu

Lissafi: kashi goma sun ƙare, na ƙara kusan rabin kashi daga aljihu a kan wayoyi biyu, labule, fitila da tayoyi. Asara: faifai bakwai da doguwar waya. Abin da ya fi canja hoton, kashe saitin motsi da jawo kujera, ban biya ko sisi a kansu ba, in ban da tayoyin.

Na gaba: in nemi wanda na'urarsa A ce mu yi musayar bakwai ɗin nan. In samo faifan gwaji don daidaita baƙi da fari da kyau, domin har yanzu da ido nake yi. Lasifikan baya sai wata shekarar. DVD kwali uku kuma na fara tace su. Waɗanda ba su taɓa fitowa a Blu-ray ba na mayar da su ɗaki tare da tsohuwar mai inci 32, a can suka fi kyau. Kwali na farko na gama, guda goma sha tara suka tsallake.